Bukkar da ake ginawa don a ƙone ta

Baban Sadik, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya da daddare cunkoso ya riƙe mu a Oshodi kusan awa guda, sai na shiga kallon bidiyo a waya don kada barci ya ɗauke ni a yashe min aljihu. Na ci karo da wasu Turawa a Ingila, manya da furfurarsu, sun tuɓe takalma suna cuɗa laka da ciyawa, suna kafa itace suna yaɓe, daga ƙarshe suka ɗora jinka. Bukka dai, irin wadda ake fakewa a gona. Wai sunan abin kimiyya, wai suna gano yadda mutanen da suka rayu kafin a san rubutu suke gina gida. Ni marigayi mahaifina magini ne a cikin birnin Kano, tun ina ɗan shekara bakwai nake cilla masa tubali yana cafewa a kan bango, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya kira shi farfesa. Don Allah 'yan boko ku warware min, ina kimiyyar take a nan? Ko kuɗi ne ya yi musu yawa?

Ɗan Obalende:
Yaya, nemo min lambarsu. In dai bukkar babu kuɗin dillali da na lauya da hayar shekara biyu a dunƙule, na kama ɗaki ɗaya.

Malama Bilki, Yaba:
Wa alaikumus salam Baban Sadik, Allah ya jiƙan Baba. Ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don wannan fannin, ilimin tono kayan tarihi, na karanta a Zariya kafin aure ya kawo ni Legas na koma koyarwa.

Fara da abin da mai tono yake tararwa. Gidan da aka yi da itace da ciyawa da laka shekara 2,500 da suka wuce, me ya rage a cikinsa? Jinka ta ruɓe, itace ya ruɓe, bango ya narke ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. In aka kankare ƙasar sama a hankali, sai a ga baƙaƙen tabo a jere sun yi da'ira, kowane tabo gurbin dirka ne. Sai tokar murhu, sai tsingaro. Shi ke nan fa. Tsayin bango, gangaren jinka, inda hayaƙi yake fita, duk hasashe ne. A da mai zane ake ba wa ya zana gidan a littafi, kuma gidan takarda ba ya rushewa ko an ɗora masa rufin da ya fi ƙarfin dirkokinsa. Shi ya sa wasu suka ce a kafa dirka daidai inda tabo ya nuna, mai kauri daidai da bakin ramin, a ɗora rufi, a ga ko zai tsaya.

Wurin da ya fi suna a Ingila shi ne gonar Butser, wadda Peter Reynolds ya jagoranta daga 1972 zuwa 2001. A 1976 suka gina wani katafaren kago mai faɗin kusan mita 13, bisa tsarin ramukan da aka tono a Pimperne, wani ƙauye a kudancin Ingila. Ya tsaya har 1990, sannan suka kwance shi da gangan don su ga me ya faru a gindin dirkokin. Cikin abubuwan da suka gano har da wannan: masu zane sun saba yi wa irin wannan gida huda a tsakiyar jinka don hayaƙi, ashe hudar jan iska take yi, wuta ta tashi, tartsatsi ya kama ciyawa. In babu huda, hayaƙi yakan taru a sama ya riƙa tsiyaya ta cikin jinkar, tartsatsin da ya tashi ya mutu kafin ya kai.

Baffa na Alaba Rago:
Salamu alaikum. Yarona ya karanta man abin da kunka rubuta. Malama ɗiyata, wanga zance na hayaƙi ya ba ni dariya. Wa ka huda jinka? Mu tun da munka tashi, ɗakin da ake girki ciki hayaƙi shina bi cikin ciyawa shina hita sannu, jinka ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya, kuma ita ce ƙwari ba su ci. Ɗakin da ba a hura wuta ciki shi ka riga lalacewa. Har irin shuka can sama mu kan rataye, zangarniyar gero da dawa, hayaƙi ya tsare muna su har damina. Ashe sai da anka tara masu digiri kahin a gane wanga?

Baban Sadik:
Allah ya ja kwana Baffa! Ka gama magana, kowa ya tafi ya kwanta.

Malama Bilki:
Baffa, Allah ya ƙara girma, ban ja da kai ba ko kaɗan. Su can irin wannan gida ya ɓace musu kusan shekara dubu biyu, babu wani dattijo da za a je a gaishe shi a tambaye shi. Dole su sayi ilimin da tsada. Kai kuwa a ciki aka haife ka. Amma ka lura, zanen mai huda ya daɗe a littattafan makaranta yara suna haddacewa, kuma gini ne ya ƙaryata shi.

Injiniya, Ikeja:
Ni a ganina bambancin yana wajen awo da rubutu. Magini ya iya gini, ba musu. Amma su suna ƙirga itace nawa ya shiga, kwana nawa mutum nawa suka yi, nauyin ciyawa nawa rufin ya ɗauka, shekara nawa gindin dirka yake yi kafin ya ruɓe, wane irin tabo yake bari a ƙasa. Gangaren jinka ma sun tsayar da shi wajen digiri 45 zuwa sama, in ya kwanta fiye da haka ruwa yakan zauna ya ruɓar da ita. In ka san gida ɗaya ya ci itace kaza, za ka iya lissafa dajin da ƙauye guda yake bukata, da yawan hannun da ya taru a aikin. Daga ramin dirka ka fara hango yadda al'umma take. Maginanmu, tare da girmamawa, ba sa wannan lissafin.

Baban Sadik:
Injiniya, ka taɓa ni. Wa ya ce ba sa lissafi? Baba yana kallon fili zai gaya maka tubali nawa ɗaki zai ci, jaki nawa na birji za a kawo, kuma da wuya ya yi kuskuren da ya wuce ɗan kaɗan. Ya san azara ba ta haye fiye da ƙafa shida ita kaɗai, in ɗaki ya fi haka sai an yi mata dabara, a fito da wasu daga bango su tallafe ta, ko a tayar da bakan gizo. Ya san dalilin da ya sa giginya ake tsagawa, gara ba ta cinta. Ya san ƙasa sai ta kwana tana tsimuwa da ramno, ana sake cuɗa ta, kafin a dunƙula tubali. Bango ya yi kauri a gindi ya riƙa sirancewa yana hawa. Makuba daga ɓawon ɗorawa. Laso kuwa katsi ne na marina da gashin jima da dafara, in aka shafe soro da shi ruwa sai dai ya bi indararo. Duk wannan ba lissafi ba ne? A ka yake, ba a takarda ba. Ni da nake jera bulo a Ajah yau, da injin kwaɓa siminti da komai, wallahi ban kai rabinsa sanin ƙasa ba.

Injiniya:
Afuwan Yaya, na yi suɓutar baki. Abin da nake nufi shi ne da ya rasu, nawa ne daga abin da ke kansa ya bi shi? Yanzu in na ce ka haɗa min laso daidai gwargwado, za ka iya?

Baban Sadik:
Kayan na sani. Gwargwadon kam sai na tambayi Kawu, shi ma ido ya yi rauni.

Malama Bilki:
To ku bari in kawo ɓangaren da magini ba zai taɓa yi ba, don ba mahaukaci ba ne. Magini yana gini ne don a zauna. Su waɗannan wani lokaci suna gini ne don su lalata. A Lejre ta ƙasar Denmak, inda Hans-Ole Hansen ya buɗe cibiyar gwaji a 1964, sun gina gida irin na zamanin da aka fara ƙira, suka zuba kaya a ciki, suka rubuta inda komai yake, a 1967 suka cinna masa wuta. Suka bar kangon ruwa da iska suna duka har shekara 25, sannan aka zo aka tone shi kamar yadda ake tone kufai na gaske, aka gwada abin da ƙasa ta nuna da abin da aka rubuta. Ka ga a nan mai tonon ne kansa ake yi wa jarrabawa.

Wani misalin ya fi wannan daɗi. A kudu maso gabashin Turai, daga Sabiya har Yukren, ana samun dubban gidajen manoman farko a ƙone ƙurmus, lakar bangon ta gasu ta yi ja kamar tukunya. An daɗe ana cewa gobara ce ko yaƙi. A ƙarshen shekarun 1970 wasu masu bincike biyu suka sayi wani tsohon gidan ƙauye a Sabiya, na itace da yaɓen laka, suka ƙone shi suna kallo. Rufi ya cinye nan da nan, bango kuwa ɗan kaɗan ne ya gasu. Gwaje-gwajen da suka biyo baya suka nuna sai an tula itace mai yawa a ciki kafin laka ta gasu haka. Wannan ya sa da yawa suka koma ganin cewa masu gidajen ne da kansu suke ƙone su da niyya.

Baffa na Alaba Rago:
Wanga kam gaskiya ne. Gobara ta taɓa cin unguwarmu da hunturu, iska na kaɗawa, ɗaki ya kai ashirin. Jinka ta tahi, zana ta tahi, rumbunan kara sunka tahi. Bango na nan tsaye, baƙi kawai ya yi. Bayan kwana bakwai anka yi gayya anka ɗaura sabon tsaiko, mutane sunka koma ɗakunansu. In kin ga bango ya gasu awa kasko, to wani ya yi mashi aikin mai gasa tukwane.

Ɗan Obalende:
To amma me zai sa mutum da hankalinsa ya ƙone gidansa? Ko su ma masu gidan haya ne da ke son korar ɗan haya?

Malama Bilki:
Ƙanena, nan gwaji yake tsayawa. Yana iya ce maka wannan ba haɗari ba ne. Dalilin kuwa, ko mutuwar maigida ce, ko wata al'ada, ko tsoron cuta, wuta ba ta faɗa. Duk wanda ya gaya maka dalilin da ƙarfin gwiwa, ra'ayinsa yake sayar maka.

Ustaz, Idi-Araba:
Ina biye da ku. Duba gidajen mutanen da suka shuɗe ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Alƙur'ani a wurare da dama ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen na baya ya kasance, ya kuma ambaci Samudawa da suke sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Abin da nake jan hankali a kai kawai shi ne a bambance wa yara tsakanin abin da aka gani da abin da aka zata. In an gina bukka an ce ga gidan mutanen da, yaro zai ɗauka hoto ne aka ɗauko.

Maman Ilham ta Mile 12:
Tun ɗazu maza ke ta bango da jinka, kamar a sama ake kwana. Ƙasan ɗaki fa? A garinmu daɓe aikin mata ne. A zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, mata su jeru da madaɓi suna duka suna waƙa tun safe har la'asar, musamman ɗakin amarya. In ya bushe sai ya yi sulɓi, ki share shi ki shimfiɗa tabarma. Inna takan ce daga daɓe ake gane matar gida, inda take zama ta yi tankaɗe ma sai ya lotsa. Malama, su masu tonon suna duba wannan kuwa, ko su ma maza ne?

Malama Bilki:
Yaya, Allah ya biya ki! Ai daɓe ya fi komai daɗewa. Gidajen da aka sake ginawa kusa da Stonehenge, tsohuwar da'irar manyan duwatsu ta Ingila, an kwaikwayo su ne daga waɗanda aka tono a Durrington Walls, na wajen shekara 4,500 baya, kuma abin da ya tsira daga gare su daɓen farin alli ne, faɗinsa wajen mita biyar, da murhu a tsakiya, da gurbin gadajen katako a jikin bango. A Catalhoyuk ta Turkiyya, inda shekara 9,000 baya ake shiga gida ta saman soro da tsani, ana ƙirga yaɓen farar ƙasa sahu a kan sahu a bango ɗaya, shaidar cewa a kai a kai ake sabunta shi, kamar yadda iyayenmu suke yi gabanin salla. Da aka gina irinsa don gwaji, mutane sun yi mamakin hasken da ke cikin ɗakin da ba shi da taga, farar ƙasar ce take mayar da hasken da ya shigo ta sama.

Mu ma muna da namu. A Daima, can Borno kusa da tafkin Cadi, Graham Connah ya tona wani tudu a 1965 da 1966, zurfinsa ya kai wajen mita 11, gida a kan kangon gida, kuma ya samu daɓen da aka jera da tsingaro. A Ife ma nan kusa da mu akwai irinsa, an kafa tsingaron a tsaye a jere kamar kitso.

Injiniya:
Yawwa, nan nake so a zo. Mu fa? Na je Jos na ga gidan tarihin gine-ginen gargajiya, har da kwafin masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina, da ganuwar Kano. Shi ba irin wannan ba ne?

Malama Bilki:
Ɗan uwansa ne, amma ba shi ba ne. Na Jos an auna gine-ginen da ke tsaye ne aka kwafe su, bisa aikin Zbigniew Dmochowski, ɗan ƙasar Folan da ya yi shekaru yana auna gidajen gargajiya a Nijeriya. Asalin yana nan, ba a yi hasashe ba. Wuyar tana wajen irin su Nok, tsohuwar al'ummar da ta rayu a yankin kudancin Kaduna. Duk mun san kawunan yumɓun nan, wanda aka samu a Jama'a ma a gidan tarihi na Onikan yake, nan Legas, wanda aka buɗe tun 1957. Masu bincike daga jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a kudancin Kaduna a 2005 sun mayar da farkon Nok wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun gano gero suke nomawa. Mun san fuskarsu, mun san kitsonsu, mun san tuwonsu. Ɗakin kwanansu kuwa ko ɗaya ba a samu ba a tsaye. Ramuka ake samu cike da tsingaro da gawayi da duwatsun niƙa. Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, masu haƙar sata kuma sun birkita wurare da yawa suna neman kawunan sayarwa.

Ɗan Obalende:
Sau biyu na shiga Onikan, wallahi motar Murtala kawai na kalla na fito.

Baban Sadik:
Malama, ba na mamaki da ba a samu ba. Mu magina ba ma barin kango ya huta. Tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa daɗin aiki, in ɗaki ya faɗi ita ake farfasawa a jiƙa a sake tubali. Wadda ta rage manoma su kwashe su kai gona. Kuma in kin fasa tsohon bango za ki ga tsingaro a ciki wanda ya girmi mai ɗakin, daga kududdufi ya taho. Amma ni abin da ban gane ba, tunda gero suke ci kamar mu, a ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, me zai hana a gina kago irin namu a ce ga shi? Ai bukka bukka ce.

Malama Bilki:
Zancen tsohuwar ƙasa da ka yi, shi Roderick McIntosh ya je ƙauyen Hani a Gana a shekarun 1970 ya zauna yana nazari, yadda bangon laka yake zaizayewa daga gindi ya faɗi ya baje. Da ya same ka da ka rage masa wahala.

Amma bukka bukka ce ɗin nan, ita ce ramin da aka fi faɗawa. A hunturun 1853 zuwa 1854 ruwan tafkin Zurik a Suwizalan ya ja baya, sai ga turaku birjik a cikin laka. Ferdinand Keller ya ce ƙauye ne da aka gina a kan wani babban dandamali a tsakiyar ruwa, kuma hotunan gidajen kan ruwa na tsibirin Niyu Gini da matafiya suka zano sun taimaka wajen sa masa wannan tunani. Zanen ya shiga littattafai, a 1922 aka fara gina irinsu a Unteruhldingen ta Jamus mutane suna biya suna kallo. Daga baya bincike ya nuna babu wani dandamali guda, yawancin ƙauyukan a bakin tafki suke inda ruwa yake zuwa ya koma, wasu gidajen a ƙasa, wasu an ɗaga su ɗai-ɗai. An ari rigar wasu an sa wa wasu. In muka gina wa mutanen Nok kago da tubalin Kano, shekara 3,000 ne a tsakani, kuma babu shaidar sun san tubali.

Injiniya:
Wannan ya tuna min Makoko, unguwar gidajen kan ruwa ta nan Legas. Kullum ina hango ta daga kan gadar Third Mainland. A ce an tashi an bar wurin shekara dubu, lagun ya cike da yashi. Mai tono zai samu guntayen turaku a laka kawai, na kakanni da na jikoki a cakuɗe, don in ɗaya ya ruɓe gefensa ake kafa sabo. Zai iya ƙirga gida ɗari a inda talatin ne suka taɓa tsayawa lokaci guda.

Alhaji na Ikorodu:
Surutu ya isa haka. Ina da fili a bayan Ikorodu da ban fara ginawa ba. Baban Sadik ya gina ƙananan ɗakuna biyu, ɗaya tubali, ɗaya itace da yaɓe. Injiniya ya auna. Mu ƙone ɗaya mu bar ɗaya. Kuɗin ciyawa a wuyana.

Ɗan Obalende:
Alhaji, ranka ya daɗe, kafin a dunƙula tubali na uku omo onile, masu cewa filin gadonsu ne, sun iso karɓar kuɗin harsashi. Ranar ƙonawa kuma su karɓi na hayaƙi.

Baban Sadik:
Ban ƙi ba Alhaji, amma ruwan Legas ya kusa ninka na Kano, ga laima shekara duka. Tubali a can rana yake so ya bushe ƙarau. Nan in ban yi a watan Janairu ba sai dai in yi kunu. Yarbawa ma da suke ginin ƙasa ba tubali suke yi ba, jar ƙasa suke ɗorawa sahu-sahu, kowane sahu ya sha iska kafin a ƙara, kuma rufinsu yakan sauko ya rufe bango.

Injiniya:
Kuma sakamakon zai gaya mana yadda ɗaki yake mutuwa a Ikorodu ne kawai. Ƙasar Nok daban, ruwanta daban, gararta daban.

Baffa na Alaba Rago:
Ku dakata, yara. Mi za a gina a ƙone a jira shekara ashirin da biyar? Ni nan ba ni ganin ƙarshenta. Akwai kufan gidanmu. Shekarar babban fari, zamanin Gawon, rijiya ta ƙahe, dabbobi sunka mutu, munka tashi dut ƙauyen munka koma bakin hanya. Ina saurayi lokacin. Ba wanda ya koma, ba wanda ya ɗebi ƙasar, don wurin da nisa. Bara waccan da na tahi gida na biya, tudu-tudu kawai da sabara a kai. Amma ni na san inda zaure yake, na san ɗakin tsohuwata, na san na kishiyarta, na san inda rumbuna suke da turken doki. Ga gida an gina, an zauna, an bari, shekara hamsin da wani abu. Ku tahi ku tona, ni in gaya muku in kun yi daidai.

Malama Bilki:
Baffa!!! Wallahi sai da na miƙe tsaye. Farin 1973 ke nan. Irin wannan aka fi nema, kufan da mai shi yake raye. Amma kada ka gaya wa kowa komai tukuna.

Injiniya:
Haka ne. Baffa ya zana gidan a takarda, ɗaki-ɗaki, da abin da ake yi a kowanne, a liƙe a ambulan a ba Alhaji ya kulle. Masu tono su yi aikinsu a makance, su fitar da nasu zanen, sannan a buɗe. In sun ce ɗakin girki alhali turken doki ne, mu sha dariya.

Ustaz:
Da sharaɗi. Ba a kusantar maƙabarta, kuma Baffa ya sani wani lokaci akan binne jarirai a cikin gida. Ya ware waɗannan wuraren tun kafin a sa diga. A kuma nemi yardar sauran magada, kufai ma gado ne.

Malama Bilki:
Na yarda, Malam. Kuma ba mu za mu ɗauki shebur mu tafi ba. Tono irin wannan sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, dokar 1979 ce, sai kuma da sanin hakimi. Zan tuntuɓi tsofaffin abokan karatuna ko akwai ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri. Sai kuma hanya ta yi kyau, kun dai san halin da yankin yake ciki.

Baban Sadik:
In za a je ina ciki. Ni zan gane muku gindin bango da ido, ƙasar da aka cuɗa da ramno ba ta kama da ƙasar Allah. Amma har yanzu ban janye ba, Baba ya cancanci farfesa.

Maman Ilham:
A nemi daɓen ɗakin Inna tukuna. Kuma Baffa, in an ci karo da tulun da ta binne kuɗinta, na mata ne.

Baffa na Alaba Rago:
Salamu alaikum, kun kwana lahiya. Jiya bayan isha'i na sa yaro ya samo kwali munka fara zane. Zaure ya zauna, ɗakin tsohuwa ya zauna. Da munka zo rumbuna sai na tsaya, ukku ne ko huɗu. Na bugo ma yayata waya can gida, ita ta girme ni da shekara shida, cikin gidan anka yi mata aure. Ta ce rumbu biyar ne, kuma wai ɗakin tsohuwa ba gabas yake ba, arewa yake, wanda ni ka cewa nata na kakarmu ne. Na ce a'a. Ta ce yaushe anka haihe ni da zan gaya mata. Munka yi ta yi har kati ya ƙare. Injiniya, ambulan guda za a yi ko biyu?

Injiniya:
Biyu, Baffa. Kuma kada ka sake kiranta sai ta gama nata.